Nas ta faɗa wa uwa, amma wa ya faɗa wa kaka?

Duk wanda ya taɓa raka mace asibiti ranar awo ko ranar rigakafi ya san yadda abin yake, mata sun cika benci wasu a tsaye da goyo, nas ɗaya ko biyu ana kiran suna ana yin allura ana cike kati, kafin azahar kowa ya jigata. Ni abin da ke damuna shi ne ilimin da nas ɗin nan ta shafe shekaru tana koyo a makarantar jinya, in ta samu sukunin faɗarsa ma to a kunnen wadda ba ta da ta cewa a gida yake sauka.

Mu ɗauki dakashi, nonon farkon nan mai kauri rawaya-rawaya. Cike yake da sinadaran garkuwa da uwa ke miƙa wa ɗanta, shi ya sa ake so a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Nas ta yi bayani, mai jego ta gyaɗa kai, ana isa gida uwar miji ta ce a matse a zubar wai datti ne. To yarinya mai haihuwar fari, da kunyar ɗan fari ma ta hana ta ɗaga ido, ta yaya za ta ja da surukarta?

Haka maganar ruwa. Ka ce wa kaka kar a ba jariri ruwa har wata 6, a zafin Afrilu, wallahi kallon mara imani za ta yi maka, kuma tausayi ne ya sa ta. Abin da ba a zauna an gaya mata ba shi ne kusan kashi 87 na nono ruwa ne, ruwan randa kuwa shi ke kawo gudawa, ya kuma cika ɗan cikin yaron ya rage tsotso, tsotso na raguwa nonon ma ya janye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla, kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma sun tsumbure. Tsumburewa kuwa har ƙwaƙwalwa take taɓawa, musamman a kwana 1,000 na farko daga shigar ciki zuwa shekara 2.

Rigakafi ma a nan yake karyewa. Allurar penta mai kare cututtuka biyar, ta sati 6, 10 da 14 da haihuwa, takan kawo ɗan zazzaɓi, in ba a faɗa tun farko ba uba ya kwana yaro na kuka, da safe ya ce ba a ƙara zuwa. Allurar nan ita ke kare mashaƙo, cutar da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ta kashe yara. Mun ga abin da ya faru da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, sai da sarakuna da malamai suka shigo aka yi magana da masu gida kafin aka kai ga 2020, shekarar da aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Najeriya.

Na san za a ce nas ba ta da lokaci, gaskiya ne, aikin mutum biyar take yi, dole gwamnatocin jihohi su ɗauki ƙarin ma'aikata. Amma ranar sallamar mai jego ai kakar tana wajen da fulas ɗin kunu, mijin ma ya zo biyan kuɗi. A kira su ciki, a ce Hajiya ga jikanki, ruwa da dakashi a hannunki muka bar su, a buɗe wa maigida kati a nuna masa ranar dawowa, a gaya masa zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ne zai wuce.