Injin Baba da akuyar Inna

Babur ɗin Baba Honda CD175 ne, ya saye shi da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, a 1975 lokacin yana koyarwa. Tun ina yaro gangar jikinsa kawai na sani, jingine a zaurenmu na Kofar Marusa a Katsina, babu inji, kaji na kwana a kan tankin.

Wani abokina ne ya kunna ni. Wai masu tara tsofaffin babura na zuba kuɗi, amma sai inji da gangar jiki sun zama 'yan gida ɗaya. Na tafi wurin bakanikenmu a Kofar Ƙaura. Ya ce lambar gangar jiki tana wuyan babur, ta inji kuma a gefen hagu daga ƙasa, wajen giya. A Honda lambobin ba sa zuwa iri ɗaya sak, sunan samfurin ake dubawa, na inji da harafin E a bayansa. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Wata biyu ina bin 'yan gwangwan. Na je Jibiya, na dawo da mura. Daga nan aka ce akwai wani dattijo a Daura.

Dattijon ya jawo wani inji daga ƙarƙashin tarin gadajen ƙarfe, baƙi ƙirin da tsohon mai. Na goge lambar da bakin rigata, sabuwar shadda ce kuwa. Na ga C, na ga 1, na ga 5, na ga E. Sauran tsatsa ta cinye, zuciyata ta cike gurbin.

"Alhaji, na ɗari da saba'in da biyar ne?"

"Yaro, kai da ka yi boko kake tambayata?"

Na biya ba tare da neman ragi ba, abin da ko a kan tumatir ban taɓa yi ba. Direba ya caje ni kuɗin mutum guda saboda injin.

Bakanike ya kalle shi sau ɗaya, ya zauna a kan benci yana dariya har da hawaye.

"Malam, fulogi nawa ka gani?"

"Ɗaya."

"Salansa nawa ne a babur ɗin Baba?"

Biyu ne, don injinsa mai silinda biyu ne. CG125 na sayo, mai silinda ɗaya, irin wanda ko yaran shagonsa suna da biyu a bayan kanta.

Na koma gida ina ba Inna labari, tana tankaɗe ko kallona ba ta yi. Can ta ce, "Wai ƙarfen nan mai kai biyu kake ta yawon nema? Ai ga shi can, shi nake ɗaure wa akuya."

Na fita tsakar gida da gudu. Rabinsa a binne, kashin awaki ya rufe sauran. Na kankare da cokali: CD175E, ɓaro-ɓaro. Shekara ashirin ina tsallake shi in zan je alwala.

Inna ta ce ba zan taɓa shi ba sai na kawo mata wani turken. Na ɗauko mata na Daura. Akuyar dai ba ta duba lamba ba.