Tazarar Bawul da Bakin Mai Shayi

Kun dai san taraktar Kawu, jar Massey Ferguson 135 ɗin nan da ta daɗe kwance ƙarƙashin darbejiya a Pitowa har kaji suka mai da kujerarta akurki. Ni aka ɗora wa tashe ta kafin damina. Aka jawo ta Garwa, muka sauke kan injin, aka wasa bawul, aka sa sabon gaskit da zobban fistan. Duk wannan lafiya lau. Saura daidaita tazarar bawul, aikin da bai kai a kira makaniki ba.

Injin Perkins ne mai silinda 3, bawul 6. Tsakanin kan bawul da ɗan ƙarfen da ke danna shi ana barin milimita 0.30 in injin ya huce, don ƙarfe yana miƙewa idan ya sha zafi. In ka matse, bawul ba zai zauna daidai ba, ya ƙone. In ka sake da yawa, sai ƙara da rashin ƙarfi. Duk na san wannan, kuma ina so a shaida cewa na sani.

Matsalar mai shayin bakin gareji ce. Mutumin nan tun da ya taɓa yin yaron mota a wata babbar motar auduga, a zamanin da ba wanda ya gani, babu injin da za a buɗe bai bar tukunyarsa ya zo ya tsaya a kai ba. Shi ne kuma ya ari sifanata ta rabin inci tun azumin bara. Injin Ingila ne, notocinsa da inci aka yi su, kuma kowa ya san abin da sifana lamba 13, ta milimita, ke yi wa kan noti in ka dage. Duk sanda na tambaya sai ya ce tana gida. Wane gida? Shayi ake murɗawa da ita?

Ina juya injin da hannu ina kallon ƙarafan, sai ya daka tsawa: "Ya kai sama! Tsaya nan!" Na tsaya. Fistan kuwa sau biyu yake kaiwa sama kafin zagaye ya cika: sau ɗaya bawul biyun a rufe ruf, nan ake awo, ɗayan kuma na hayaƙi na rufewa, na iska na buɗewa. Ku canki wanne ya tsayar da ni. Daga nan na lissafa sauran silindan, na zura ma'auni, na ɗaure, na rufe murfi har da goge shi da tsumma.

Kawu ya iso bayan la'asar, kuma bai zo shi kaɗai ba. Da surukina ya zo. Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Baba, ku ɗan matsa baya, yanzu za ku ji muryarta." Har da wannan na faɗa.

Ta tashi kam. Amma ƙaf-ƙaf-ƙaf-ƙaf, sai ka ce telolin babbar kasuwa ne suka haɗu daren sallah. Masu babur suka tsaya. Wata mai ƙosai ta leƙo. Surukina bai ce uffan ba, carbinsa kawai ya mayar aljihu, a hankali, ya kalli Kawu. Kawu ya kalli ƙasa. Ni kuma ina tsaye da murmushin da ban san inda zan ajiye shi ba, ina cewa sabon haɗi ne, zai lafa.

Sai ƙaramin yaron garejin, wanda aikinsa wanke noti a cikin gas, ya ja igiyar kashewa ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya jira ta huce, mu duka muna tsaye muna jira tare da shi. Ya cire murfin da na goge, ya juya injin, ya kama ƙarfen farko da yatsa biyu ya kaɗa, ƙwal-ƙwal. Ya haɗa ma'aunin 0.30 da na 0.50 ya zura, suka wuce tare ba gardama. Ya ɗago ya ce, "Patiro, wa ya yi wannan?"

Ya san wanda ya yi. Yana nan lokacin.

Kafin in buɗe baki mai shayi ya riga ni, da Fillanci kuma, don har mai ƙosai ta ji: wai shi tun farko ya ga ba daidai nake yi ba, ya yi shiru ne don kada a ce ya cika shisshigi. Surukina ya gyaɗa kai, ya ce masa Allah ya yi albarka. Shi! Har shayi ya saya a wurinsa, kuma ni na biya.

Yaron ya gama kafin magariba, taraktar na aiki, an ce har ta fara huɗa. Matata ta ji labarin kafin in kai gida, ban san ta bakin wa ba, ko da yake ina da wanda nake zargi. Gaskit ɗin murfin ma yanzu yana ɗan yoyo, sai na samo wani.