Yawan wakilai ba shi ne basira ba

Na gaji da jin ɗaliban kwamfuta a nan Gombe suna cewa in aka yawaita wakilai, wato ƙananan manhajoji masu aiki da kansu, tsarin zai ƙara basira. Da ƙamshin gaskiya, tunda ana raba aiki.

Amma wuyar tana wajen daidaita su. Wakilai 5 na da hanyoyin magana 10 a tsakaninsu. Su kai 10, hanyoyin sun zama 45. Kuskuren ɗaya kuma yakan bi saƙo ya ɓata aikin saura.

Dubi lodin masara a kasuwar Tudun Hatsi: 'yan dako 20, babu mai ƙirga buhu, ai lissafi ya rikice. Shi ya sa mai tsara manhajojin ke fara fayyace aikin kowane wakili, irin saƙon da zai aika, da wanda zai raba gardama.