Ranar da na ciyar da bakteriya da numfashina

Wata uku na yi ina renon wasu ƙwayoyin bakteriya a ɗakin gwaje-gwaje, lallaɓawar da ko jariri bai samu ba. Sunansu Clostridium autoethanogenum, suna kamar na 'yan sarauta, alhali a kashin zomo aka fara gano kakanninsu a 1994. Sana'arsu ita ce su shanye iskar kabon monoksaid, ko kabon dayoksaid haɗe da haidurojin, su fitar da etanol, wato sinadarin barasa. A 2022 masu bincike na Jami'ar Northwestern da kamfanin LanzaTech a Amurka suka sauya musu ƙwayoyin gado, suka koma fitar da aisofurofanol, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, da asiton, wannan da ake goge jan farce da shi. Nawa dai ba a taɓa su ba tukuna. Farfesa ya ce in fara nuna zan iya raya su.

Ranar Juma'a da yamma na duba tukunyar gas ɗin abincinsu, allurar ma'auni ta kwanta, sabuwa kuma sai Litinin. Hankalina ya tashi, yarana za su kwana uku da yunwa. Can dabara ta faɗo mini: ni ɗin nan ba kabon dayoksaid nake fitarwa ba, kyauta? Na ɓalle murfin robar kwalbar da suke ciki, na zura bututu, na hura iya ƙarfina. Kwalba shida, ba wadda na yi wa rowa.

Nan take ruwan ya koma ruwan hoda. Na ce madalla, sun ƙoshi har sun yi kyau. Na ɗauki hoto na tura wa Farfesa.

Ko minti biyu ba a yi ba ya kira.

"Wa ya buɗe kwalaben nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Abinci na ba su."

Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sannan ya karanta mini: numfashin mutum kabon dayoksaid ɗinsa wajen kashi 4 ne cikin ɗari, oksijin kuwa wajen kashi 16, su kuma oksijin guba ce a wurinsu. Launin da nake murna da shi na wani sinadari ne, resazurin, da ake sakawa don ya tona asiri idan iska ta shiga. Wato hoton gawa na tura masa, har da alamar babban yatsa.

Litinin aka ciro sabon iri daga firiza. Har yau in na shigo ɗakin, sai wani ya rungume kwalabensa ya ce, "Malam, riƙe numfashinka."