Motata ta kama tari, na naɗa kaina likita

Ina da wata a-kori-kura mai shan fetur, silinda takwas, wadda ta tsufa amma ba ta taɓa kunyata ni ba. Wata safiya na ɗauko kaya ina hawa tudu, na taka totur, sai ta yi wani irin tari kamar tsohon da ya ƙware da ruwa. Ta shaƙe, ta jijjiga, ta ja da ƙyar. Fitilar injin nan da ke kan dashbod ta fara ƙyafta mini ido. Da na sauko fili kuwa sai ta koma lafiya lau, a sulo ko ƙuda ba ta kora.

Mai hankali zai nufi gareji. Ni kuwa ina da akwatin sifanu da waya mai intanet, don haka na yanke hukuncin cewa bakanike ba zai ci kuɗina ba.

Na ari na'urar nan da ake jona wa a ƙasan sitiyari, ta karanto lambobin matsala uku daga kwamfutar motar: P0300, P0171 da P0174. Ta farko tana nufin injin yana mis, wato wani lokaci mai ba ya kama wuta a silinda, kuma ba a silinda ɗaya ba, yawo yake yi. Sauran biyun suna cewa iska ta fi mai yawa a ɓangarorin injin duka biyu. Wato motar ta buɗe baki ta ce yunwa take ji. Ni dai na karanta ta farko, na ce filogi ne, na rufe na'urar.

Na canza filogi takwas. Na ƙarshen can ƙuryar injin yake, inda hannu ba ya shiga sai da addu'a, kuma na baro fatar yatsu biyu a wurin. Na hau tudu. Tari.

Na ce to kwayil ne, abin da ke ba filogi wuta. Ashe akwai dabara mai sauƙi: ka musanya kwayil ɗin da kake zargi da na wata silinda, in lambar ta bi shi, ka kama ɓarawo. Wannan dabarar na gano ta ne bayan na sayi sababbi takwas na ɗaura. Na hau tudu. Tari, har da ƙarin atishawa ta salansa.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban yara, ba za ka kai ta wurin masu abin ba?"

Na ce mata ai an zo gangara, yanzu na gane bakin zaren, gurɓataccen mai ne. Na je na cika tanki maƙil don sabon ya rinjayi tsohon. Ku riƙe wannan a ranku.

Washegari na kwanta ina tunani, sai na tuna famfon mai. Idan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ya kamata ka ji shi yana ƙugi na kamar daƙiƙa biyu daga wajen tanki. Na saurara, ya yi ƙugin. Amma kunnena ya ce mini ƙugin na gajiyayye ne. Daga ina kunnena ya samo wannan ilimin, har yau ban sani ba. Famfon kuma a cikin tanki yake, sai an sauke tankin. Tankin da na cika jiya. Litar fetur ɗaya ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, ku lissafa lita casa'in. Na fara zuƙe shi da tiyo, na kurɓi abin da ya sa na yini ina gyatsar gidan mai, na haƙura. Na kwance ɗaurin tankin ina kwance a ƙarƙashinsa, ya sauko ya zauna mini a ƙirji kamar mai bin bashi. Ɗan maƙwabcina ne ya ga ƙafafuwa suna harbin iska ya kira mutane.

Sabon famfo ya shiga. Na yi wanka, na sa kaya masu kyau, na hau tudu.

Tari.

A nan ne ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Na lallaɓa wurin wani dattijon bakanike, na zayyana masa duk abin da na yi, ina ɗan ƙara gishiri don ya san da masani yake magana. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, ka auna ƙarfin man?"

Na ce, "Baba, ana aunawa ne?"

Bai ce komai ba. Ya ɗauko geji ya jona a bututun da ke raba mai ga nozul, masu fesa shi cikin injin. Ya murɗa makulli, allura ta tsaya a 58 psi, ma'aunin ƙarfin turin mai ke nan. Ya ce irin wannan injin tsakanin 55 da 62 yake so, don haka lafiya. Ya kashe ya jira, allurar ba ta zube ba, wato babu nozul mai yoyo, famfon ma yana riƙe mai. Na fara murmushi, na ga shi ma abin zai gagare shi. Sai ya zaro tiyon gejin ta gefen bonet, ya manna shi a gilashin gaba, ya ce in ja mu je tudun nawa. Ina taka totur allura ta faɗo ƙasa da 30, motar ta fara tarinta.

Ya ce a sulo injin ɗan kaɗan yake sha, ko ta ƙaramar kafa man ya ishe shi. Da ya nemi da yawa sai hanya ta gaza. Ko filta ta toshe, ko wuta ba ta isa famfo sosai, ko wani abu ya matse bututu. Ya cire filta ya hura, tas. Ya auna wuta, daidai. Sai ya kwanta da tocila yana bin bututun ƙarfen nan da ya taso daga tanki, taku-taku, har ya tsaya kusa da tayar baya.

"Wa ya canza tayar nan?"

Na ce ni ne, kwana biyu kafin ciwon ya fara.

"A ina ka sa jak?"

Na leƙa. Bututun ya lotse ya zama kamar an taka kara, ga shatin kan jak ɗina a jikinsa raɗau. Ya yanke wurin ya sa sabo, aikin bai kai minti arba'in ba. Da zan tafi ya leƙa bayan motar, ya ga kwalin tsofaffin filogi da kwayil da famfo, ya ce in ba na so in bar masa, duk lafiyarsu ƙalau.

Da na isa gida na ce wa uwargida wata matsala ce mai sarƙaƙiya a hanyar mai, ba za ta gane ba. Ta ce, "Ba wurin nan ba ne da ya yi ƙwas ranar da kake canza taya, na ce maka wani abu ya lanƙwashe, ka ce in koma ciki?"