Da "ka yi haƙuri" na rufe masa baki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan uwa.

Jiya Lahadi, ranar kasuwar Tahoua, na ci karo da mahaifiyar wani abokina wajen masu albasa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ina mutumina? Kwana biyu ya guje mu." Ta sauke kwandonta ƙasa, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, kwana biyu ka ce? Wata uku ke nan bai taka ƙofar gida ba in ba masallaci ba, yanzu masallacin ma sai na yi da gaske. Barci babu, abinci sai loma biyu. Ai ya ce mini ya taɓa gaya maka."

Ya gaya mini. Wallahi ya gaya mini, ni ne ban ji ba.

Unguwa guda muka tashi da shi. Ya tafi biɗa Libiya yadda samarin Adar suka saba, ta Agadas, ta Dirku, har Sabha. Can aka kulle shi gidan bashi, ana dukansa ana kiran gida a waya don su ji kukansa, sai da aka sayar da tumakin tsohuwar nan kaf kafin a sake shi. Ya dawo hannu Rabbana. Wani dare a fada, an sha shayi na uku kowa ya watse, ya matso kusa da ni ya ce, "Aboki, ni fa kaina ba daidai yake ba. Da na rufe ido sai in gan ni cikin ɗakin nan. Wani lokaci ji nake da ban dawo ba da ya fi."

Kun san amsar da na ba shi? "Haba kai kuwa! Kanka aka fara asara? Ka yi haƙuri, ka riƙe salla, ka bar raki." Na dafa kafaɗarsa, na tada babur, na tafi gida ina jin daɗi wai na yi nasiha. Astagfirullah. Allah kaɗai ya san kwana nawa ya yi yana juya maganar nan a ciki kafin ya iya furta ta, ni kuwa ko minti guda ban ba ta ba.

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Haƙuri kalma ce mai tsada, mu muka mai da ita murfin tukunya. Da mutum ya fara buɗe cikinsa sai mu kifa masa ita, don kada ya ɓata mana hira, don barci muke ji, don ba mu san abin da za mu ce ba kuma muna kunyar yin shiru. Ka tambayi zuciyarka tsakani da Allah: ran da ka ce wa ɗan uwanka "sai haƙuri", shi ka tausaya wa, ko kanka ka ceta daga sauraro?

Kuma kada a ce ni kaɗai ne. Ga mai jego, an yi suna an watse, ana ta wanka da kunun kanwa, ita kuwa tana zaune tana hawaye ba ta san dalili ba, ko jaririn ba ta son ɗauka. Sai uwar miji ta ce sangarta ce, maƙwabciya ta ce iska ce ta shafe ta, miji ya ce, "Mi kika rasa a gidan ga?" Alhali ciwo ne sananne, ciwon damuwa na bayan haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mata 13 cikin 100 da suka haihu, a ƙasashe irin namu ma ya fi haka. Ga yaron da ya faɗi jarrabawar BEPC sau biyu ya daina magana, uba sai zagi. Ga matar ɗan biɗa, shekara biyar miji na Abijan, ita ce uwa ita ce uba, in ta ce ta gaji a ce ba ta da godiya. Ga ɗan kabu-kabu da ya fara haɗiyar tiramol don ya jure rana, yau ya wayi gari in bai sha ba jikinsa rawa yake, mun yi masa suna ɗan ƙwaya mun wuce, babu wanda ya zauna ya tambaye shi inda abin ya faro. Har dattijo mai gemu, wanda bashi ya yi wa katutu, in ka ce ina kwana ya ce lahiya lau, don ya san ba a yafe wa namiji ya ce wani abu dabam.

Wadda ta fi yi mini ciwo ita ce "rashin imani ne". Wa ya ba ka mudun awon imanin bayin Allah? Annabi Yaƙuba (AS), wanda ya ce haƙuri mai kyau, shi ne ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufa har idanunsa suka yi fari. Nana Maryam, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, kuma amsar da ta samu ita ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa, ga dabino, ki ci ki sha. A tarihin Manzon Allah (SAW) akwai shekara guda da ake kira shekarar baƙin ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Duk mun san wannan, mun karanta tun muna makarantar allo da Islamiyya. Sai abin ya zo kan ɗan fadarmu mu manta.

Abokin nan nawa yana salla, ya fi ni ma zuwa sahun farko. Ciwo ne ya kama shi, kamar yadda hawan jini ko ciwon suga ke kama mai salla. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, muna yi masa addu'a muna kuma ɗora shi kan babur zuwa gidan likita, ba mu taɓa ganin ɗayan ya hana ɗayan ba. To don me in ciwon ya koma kai da zuciya sai mu ce sai dai tofi da rubutu, in abin ya ƙi a ce sammu ne, a fara zargin kishiya da dangin uba? A yi ruƙiya, a yi addu'a, Alƙur'ani waraka ne. Amma a kai shi ga likita. An umurce mu da neman magani.

Sannan bakinmu. A Yamai, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, Pavillon E, mun mai da sunansa abin zolaya, da mutum ya yi wata magana sai a ce a kai shi Pavillon E, a fashe da dariya. Ni ma na sha faɗa. Yanzu ka ɗauka cikin masu dariyar akwai wanda ya yi sati biyu yana tunanin zuwa ganin likita. Zai je? Ya riga ya ga yadda za a yi da sunansa a unguwa, ya ga auren ƙanwarsa da za a fasa wai akwai hauka a gidansu. Sai ya haɗiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Ƙirga mutanen fadarku, ko na gidanku. Ba sai wanda ya tuɓe yana bin bola ba.

Labarin zuciya a tambayi fuska. In ka ga mutum ya wuce sati biyu ba walwala, abin da yake so da can ya fita ransa, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, ya rame, yana cewa shi ba shi da amfani, to ka ajiye wayarka ka zauna. Ba sai kana da ilmi ba. Ka ce, "Gaya mini, ina jin ka," ka kama bakinka. Kada ka kawo masa labarin wanda ya fi shi shiga uku. Kada gobe ya ji sirrinsa a bakin mai shayi. In ya ambaci mutuwa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da igiya, wuƙa da maganin ƙwari daga kusa da shi, a kai shi asibiti ranar, ko da ƙaramin gidan likita na unguwa (CSI) ne, su za su tura shi gaba. Sama da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara a duniya. In kuma an rubuta masa magani, a sani yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kada a watsar ran kwana biyar a ce bai karɓe shi ba.

Kai kuma da kake karanta wannan cikin dare, ido biyu, ƙirji kamar an aza maka dutse: don Allah ka sake gwadawa. In ka faɗa wa irina ya rufe maka baki, ka faɗa wa wani. Ki faɗa wa yayarki, ko ungozomar da ta karɓi haihuwarki.

Daga kasuwa gidansu na wuce. Na same shi kwance kan tabarma ɗaki duhu, na ce, "Aboki, ka yafe mini." Bai ce komai ba. Muka zauna har aka kira la'asar, can ya ce, "Ka zo." Gobe da safe in sha Allahu zan ɗauke shi mu tafi asibiti, ya yarda da sharaɗin kada mu bi ta gaban fada.

Ku sa shi cikin addu'a. Kuma wanda ya faɗo maka a rai tun da ka fara karatun nan, don girman Allah ka kira shi yau, kada ka ce sai an haɗu.