Daren da Na Yi wa Abokin Gaba Jinya

Shekara 11 ke nan ina aiki a wani kantin sayar da magunguna a Jidda, kuma babu maganar da na fi maimaita wa masu saye kamar in ce musu su karanta takardar da ke cikin kwali kafin su kai komai bakinsu. Na faɗa wa alhazai, na faɗa wa direbobi, na faɗa wa tsofaffin unguwarmu da Hausa da Larabci, har wasu suka laƙaba mini suna Malam Karanta. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san daga wane tsauni na gangaro a daren wata Alhamis, a gaban mahaifiyata da yayata da matata, a hannun yaro ɗan shekara 10.

Al'adar gidanmu ce kowane daren Alhamis mu taru a wurin Hajiya, tunda Juma'a da Asabar su ne hutun mako a nan. Manya suna shan shayi suna hirar dangi na Makka da na Kano, yara kuma suna ƙuryar falo sun dunƙule a kan na'urar Nintendo Switch suna wasan Pokémon. Ni ban taso da wasan ba. Ya fara fitowa a Japan a 1996, amma a 2001, ina cikin samartaka, aka fitar da fatawar hana shi a nan Saudiyya, kuma cikin dalilan da aka kawo akwai kamar da wasan katunansa ke yi da caca. A makon da fatawar ta fito mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya tattara katunan ƙanena ya zuba a shara. Zamani riga: a 2022 asusun zuba jari na gwamnatin ƙasar nan ya sayi kashi 5 cikin ɗari na hannun jarin kamfanin Nintendo, kuma ga jikokin wancan tsoho suna wasan a kan dardumarsa.

Bakina ne ya jawo mini. Na leƙa allon autan yayata, na ga waɗansu dodanni suna jefa wa juna wuta da ruwa, sai na ce wannan ai aikin da ko jariri zai iya ne. Auta ya ɗago ya dube ni cikin ladabi ya ce, "To Kawu, ka zo mu kara mana." Na ce ya ba ni mako uku, idan ya ci ni zan saya wa yaran gidan gaba ɗaya tsire, idan kuwa na ci shi zai wanke mini mota. Nan take Hajiya ta ajiye kofinta ta ce ba a gidanta za a yi caca ba, ta yanke hukunci cewa idan yaro ya ci kawunsa zai sayi tsire a matsayin kyauta, idan kawun ya ci sai ya gode wa Allah. Tun kafin in taɓa na'urar an riga an cinye ni a shari'a.

Na ari na'urar wan Auta mai ɗauke da Pokémon Sword, wanda ya fito a 2019, na duƙufa a kanta kowane dare bayan na rufe kanti. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Mutum yana riƙe dodanni har shida, kowannensu yana da dabarun faɗa huɗu kacal, kuma a kan kowanne akwai wata sanda da ke nuna lafiyarsa, wadda take farawa kore, ta koma rawaya idan ta ragu, ta zama ja idan abu ya yi tsanani. Idan ta ƙare dodon ya suma, sai a fito da wani. Abin da ya fi burge ni, saboda sana'ata, shi ne jakar magunguna da ake yawo da ita, har na riƙa cika ta kamar mai shirin aikin hajji. Sai ana saura kwana biyu 'yar yayata ta sanar da ni cewa idan mutum biyu za su kara da juna ba a buɗe jaka, wanda yake son warkarwa gara ya tabbatar cikin dabarun nan huɗu na dodonsa akwai ta magani.

Wasan ba shi da Larabci, balle Hausa, don haka da Turanci muke yinsa, kuma Turancina na kwalin magani ne, wanda ya isa aiki idan mutum ya natsu. Na duba dabarun Gardevoir, wata doguwar halitta mai kama da mace sanye da farar riga, wadda ita ce na fi dogara da ita, sai idona ya faɗa kan wata dabara mai suna Heal Pulse. Kalmar farko ta sunan warkarwa take nufi. A ƙasa akwai bayani layi biyu, na hango maganar mayar da rabin lafiya, na ce alhamdu lillahi, na rufe.

Daren karawa ya zo, kuma dole in faɗi gaskiya don kare abin da ya rage na mutuncina: na yi ƙoƙari. Muka yi ta gwabzawa har kowannenmu ya rage da dodo ɗaya, ni da Gardevoir, shi da Snorlax, wani ƙaton tulu mai nauyin kilo 460 wanda ba shi da aiki sai ci da barci, wanda Yaya ta ce duk lokacin da ta gan shi sai ta tuna da ni bayan cin abincin ranar Juma'a. Wannan halitta tana da ɗimbin lafiya, kuma irin bugun da Gardevoir ke yi ba ya shigarta sosai, don haka sai da na yi ta sassaƙarta kamar mai sare kuka da wuƙar yanka albasa. Da na kai shi rawaya sai yaron ya danna wata dabara mai suna Rest, dodon ya kwanta, lafiyarsa ta cika fal, ya yi barcin zagaye biyu ina ta dukansa bai ko motsa ba. Na ji haushi, amma a raina na ce ai ni ma ina da tawa a ajiye.

A ƙarshe na kai shi ja, saura ɗan ƙiris kamar bakin farce, ni ma kuma tawa sandar ta yi ja. A nan ne ya kamata in tsaya in yi lissafi. Gardevoir ta fi Snorlax sauri nesa ba kusa ba, ke nan ni zan fara bugu, kuma kowace irin dabara ta duka na zaɓa faɗa ya ƙare. Auta ya san haka, shi ya sa ya riga ya saki kafaɗa, idonsa ya ciko da ƙwalla. Amma mai kantin magani ya farka a cikina. Na gyara zama, na juya wajen manya na yi musu ɗan jawabi cewa bambancin babba da yaro shi ne babba ba ya gaggawa, yakan fara duba lafiyarsa kafin ya kai hannu. Sannan na danna Heal Pulse.

Gardevoir ta ɗaga hannu, wani haske mai kyau ya fita daga jikinta, na bi shi da ido ina jiran ya zagayo ya dawo gida. Bai zagayo ba. Ya miƙe sak ya tsallaka fili ya sauka a kan tumbin Snorlax, sandar nan da na shafe kusan minti goma ina ragewa ta tashi daga ja ta haye har ta koma kore, tawa kuwa tana nan yadda take. Falon ya yi tsit. Snorlax, wanda ko godiya bai yi ba, ya taso da dukan nauyinsa ya faɗo a kan likitarsa, wasa ya ƙare.

Auta ne ya fara magana, kuma da gaske yake tambaya, ba da izgili ba: "Kawu, tausayina ka ji?" Ƙofar tsira ce Allah ya buɗe mini, da na ce e da an tashi ana yabon halina. Kafin in buɗe baki 'yar'uwarsa ta karɓe na'urar ta karanta bayanin da ƙarfi tana fassarawa. Dabarar ba ta warkar da mai yin ta ko kaɗan. Rabin cikakkiyar lafiyar wanda aka nufa da ita take mayarwa, kuma an yi ta ne domin karawar bibbiyu, inda dodo zai tallafi abokinsa da ke gefensa. A karawar ɗaya da ɗaya kuwa babu wanda za a nufa sai wanda ke tsaye a gabanka. Ta ƙara da cewa masu warkar da kai su ne irin su Recover da Rest ɗin da na gani da idona. Matata ta tambaya a hankali ko duk wannan yana rubuce a wurin, yarinyar ta ce yana nan, layi biyu ne. Yaya ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Na sayi tsire na yara bakwai.

Da na tsaya a nan da abin ya zo da sauƙi. Na nemi a sake karawa mako mai zuwa, na je cibiyar jinyar dodanni ta cikin wasan, inda akwai mutumin da ke tuna wa dodo dabarun da ya manta, na cire waccan mai cin amana na nemi wata. Na samu mai suna Healing Wish, wato fatan waraka, suna mai daɗi kamar addu'ar duba mara lafiya. Wannan karon na duba bayani, sai dai dubawar mai neman abu ɗaya: na bi layukan ina farautar kalmar nan da ke nufin wanda aka nufa, ban gan ta ba, na ga kuma ana maganar mayar da lafiya da kawar da cuta, na gamsu.

A tsakiyar karawa ta biyu, Gardevoir tana rawaya kuma tana kan ganiyar aikinta, na sanar da jama'a cewa yau magani ba zai ɓata hanya ba. Na danna. Ta yi wani haske, ta sulale ta faɗi sumammiya ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ashe jimlar farko ta bayanin, kalma uku rak, cewa take mai yin dabarar zai suma, ladan kuma ya tafi ga dodon da zai maye gurbinsa, shi ne za a cika wa lafiya a raba shi da cuta. Kalmar suman nan kuwa na san ta sarai, kullum ina ganinta a jerin illolin magungunan hawan jini. Wanda ya fito bayanta lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikinsa, ke nan na yanka ragon layya na miƙa wa wanda ya ƙoshi. Auta bai ma yi dariya ba, sai ya ce, "Kawu, wannan karon ni ban samu komai ba."

Da za mu watse a daren, Hajiya ta aika aka ɗauko mata ledar magungunanta, waɗanda ni nake kawo mata kowane wata tun rasuwar mahaifinmu. Na miƙa hannu zan karɓa kamar yadda na saba, sai ta zarce da ita ta ɗora a cinyar Auta, ta ce ya duba mata kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar nata ne ba na maƙwabciyarta ba.